Arthur Ashe: Zakaran tanis da aka horar da shi a kan shiru, ya ƙare rayuwarsa yana magana

Ranar Litinin 16 ga Fabrairun 1976, kwana uku da kashe Janar Murtala Ramat Muhammed, wasu sojoji ɗauke da bindigogi suka kutsa filin Lagos Lawn Tennis Club ana tsakiyar wasan kusa da na ƙarshe na wata gasar tanis ta duniya. Najeriya tana cikin makoki, kuma ganin mutane zaune suna tafi saboda ƙwallo ya harzuƙa su. Ɗaya daga cikinsu ya ɗora bakin bindiga a bayan wani dogon Ba'amurke baƙar fata, ya tasa ƙeyarsa zuwa waje, hannuwansa a sama. 'Yan kallo suka tarwatse, kowa ya yi ta kansa.

Mutumin shi ne Arthur Ashe, wanda wata bakwai kafin ranar ya ɗauki kofin Wimbledon a Landan. Bai yi gardama da sojan ba, bai kuma ruga da gudu ba. Ya fita a natse, kamar yadda ya saba barin fili ko ya ci ko an cinye shi. Wannan natsuwa ita ce abin da duniya ta fi saninsa da ita, kuma tun yana ƙaramin yaro aka dasa masa ita domin ya tsira da ransa a ƙasar da baƙar fata mai ɗaga murya ke iya rasa nasa. Yadda ya ɗauki shekaru yana kokawa da wannan tarbiyya, har ta kai shi ga tsayawa gaban ofisoshin gwamnati 'yan sanda suna sa masa ankwa, shi ne kashin bayan tarihinsa.

Yaron da ya tashi a filin wasa

An haifi Arthur Robert Ashe ranar 10 ga Yulin 1943 a Richmond, babban birnin jihar Virginia. A lokacin yaƙin basasar Amurka, Richmond ce hedikwatar jihohin kudu da suka ɓalle domin su ci gaba da riƙe bayi. Shekara tamanin bayan yaƙin, doka tana raba baƙi da farare a makaranta, a motar haya, a asibiti, har da filin wasa.

Mahaifinsa shi ne mai kula da Brook Field, filin wasanni mafi girma da aka keɓe wa baƙaƙen fata a birnin, kuma gidansu yana cikin harabar filin. Da yaron ya buɗe ƙofa, filayen tanis ne a gabansa. Mahaifiyarsa ta rasu a watan Maris na 1950 sakamakon matsalar juna biyu, tana da shekara 27, shi kuwa yana da shida. Uban ya riƙe shi da ƙaninsa da tsanani. Ya auna mintunan da tafiya daga makaranta zuwa gida ke ci, kuma bai yarda a ƙara ko ɗaya a kai ba. Ganin yaron siriri ne, ya hana shi ƙwallon zari-ruga da samarin unguwa ke yi.

Wani ɗalibin jami'a mai suna Ron Charity ne ya fara koya masa riƙon sandar tanis yana ɗan shekara bakwai. A 1953 ya haɗa shi da Dakta Robert Walter Johnson, likita a garin Lynchburg, wanda ya gina filin tanis a bayan gidansa yana horar da yara baƙaƙen fata da kuɗin aljihunsa. A hannunsa Althea Gibson ta samu horo, wadda ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Wimbledon a 1957.

Dakta Johnson yana da ƙa'idoji masu tsauri. Idan ƙwallon abokin karawa ta faɗa kusa da layi, ko da ta ɗan fita, a bar masa makin. Ba a jayayya da alƙalin wasa. Ba a jefar da sanda don fushi, ba a ɓata fuska. Dalilinsa a fili yake: masu shirya gasa farare suna neman ƙaramin uzuri su rufe ƙofar da aka fara buɗewa da ƙyar. Kuma a 1955, lokacin Ashe yana da shekara 12, aka yi wa Emmett Till, yaro ɗan shekara 14, kisan gilla a jihar Mississippi bisa zargin ya yi wa wata Baturiya rashin kunya. Iyaye baƙaƙen fata a kudancin Amurka sun ɗauki darasi daga wannan gawa.

Duk da iyawarsa, Richmond ta hana shi karawa da yara farare, ta kuma hana shi filayen da ke cikin ɗaki lokacin hunturu. A 1960 ya koma birnin St. Louis ya kammala sakandare, daga nan jami'ar UCLA da ke Los Angeles ta ba shi gurbin karatu kyauta.

Shekarar 1968

A 1963 ya zama baƙar fata na farko da aka zaɓa cikin tawagar Amurka ta gasar Davis Cup, wadda ƙasashe ke fafatawa a cikinta. A 1965 ya ci gasar jami'o'in Amurka, a 1966 ya karɓi digiri a fannin kasuwanci, sannan ya shiga soja. Aka tura shi makarantar horar da hafsoshi ta West Point da muƙamin laftanar. Ƙaninsa, wanda ke cikin sojan ruwa masu yaƙi a ƙasa, ya nemi a sake mayar da shi Vietnam karo na biyu domin kada a tura yayan nasa fagen daga.

Waɗannan su ne shekarun da matasa baƙaƙen fata ke zaman dirshan a gidajen abinci, ana sakar musu karnuka a Birmingham, ana dukansu a Selma. Ashe yana filin tanis sanye da fararen kaya. A 1967 aka ƙwace wa Muhammad Ali kambunsa saboda ya ƙi zuwa yaƙin Vietnam. Masu fafutuka da yawa suna kallon Ashe a matsayin ɗan lelen Turawa. A littafin tarihin rayuwarsa na ƙarshe, shi kansa ya amsa cewa rashin shigarsa waccan gwagwarmaya abin kunya ne da ya daɗe yana cin ransa.

A watan Maris na 1968 ya yi jawabinsa na farko a kan haƙƙin baƙaƙen fata a wata coci a Washington, manyansa a soja suka ja masa kunne. Wata guda bayan haka aka harbe Martin Luther King.

A shekarar ce kuma tanis ta sauya. Kafin nan, manyan gasa ba sa karɓar ɗan wasan da ke cin abinci da wasan, sai 'yan sha'awa kawai. A 1968 aka buɗe ƙofa ga kowa. Ranar 9 ga Satumba, Ashe ya doke Tom Okker ɗan ƙasar Holan a wasan ƙarshe na gasar US Open ta farko, bayan turmi biyar, wanda na farkonsu ya tashi 14 da 12. Da yake soja ne kuma a rajista ɗan sha'awa, ladan dala 14,000 sai aka miƙa wa Okker da ya sha kashi. Zakaran ya tashi da alawus na dala 20 a kowace rana. Mahaifinsa ya shigo fili, ya tsaya kusa da shi yana hawaye.

Bizar Afirka ta Kudu

Da ya bar soja a 1969, sunansa ya riga ya yi nauyi, sai ya nemi inda zai aza shi. Tare da abokai biyu ya kafa wani shiri na koya wa yaran unguwannin talakawa tanis a haɗe da karatu. Sannan ya nemi bizar shiga Afirka ta Kudu domin ya buga gasar ƙasar. Gwamnatin wariyar launin fata ta John Vorster ta hana shi. Ya sake nema, aka sake hanawa.

Kowace hanawa ta zama labari a jaridun duniya. A watan Janairun 1970 ya ci gasar Australian Open, a Fabrairu ya ba da shaida gaban wani kwamitin majalisar wakilan Amurka mai kula da harkokin Afirka, a Maris kuma aka dakatar da Afirka ta Kudu daga gasar Davis Cup ta shekarar.

Cikin shekarar ya zagaya ƙasashen Afirka shida tare da Stan Smith, ciki har da Najeriya da Ghana, a wata ziyara da ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ɗauki nauyi. A 1971 ya dawo nahiyar. A Yawunde, babban birnin Kamaru, ya ga wani yaro ɗan shekara 11 yana buga ƙwallo da gwanintar da ta fi shekarunsa. Ya ba shi sandarsa, ya kira Philippe Chatrier na hukumar tanis ta Faransa ya ba shi labari. Aka kai yaron birnin Nice ya samu horo. Shi ne Yannick Noah, wanda ya ci gasar French Open a 1983.

A ɓangaren sana'a ma bai zauna ba. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar 'yan wasan tanis maza ta ATP a 1972, domin 'yan wasa su samu baki a gaban hukumomin da ke juya su. A 1973 'yan ƙungiyar 81 suka ƙaurace wa Wimbledon saboda dakatarwar da aka yi wa ɗan'uwansu Nikola Pilić, a 1974 kuma aka zaɓi Ashe shugabanta. Sai dai a nan yana da tabo. Lokacin da Billie Jean King da sauran mata ke neman a daidaita ladansu da na maza, bai mara musu baya ba. Sai daga baya ya sauya tunani.

A watan Nuwamban 1973 Pretoria ta ba shi biza. Ya gindaya sharaɗin cewa ba za a raba 'yan kallo bisa launi ba a filin Ellis Park da ke Johannesburg. Ya kai wasan ƙarshe, Jimmy Connors ya doke shi, amma shi da Okker suka ci kofin 'yan bibbiyu. Ya shiga Soweto ya koya wa yara wasa. Cikin yaran da ganinsa ya sauya musu rayuwa akwai Mark Mathabane na unguwar Alexandra, wanda daga baya ya zama marubuci.

Hujjar Ashe ita ce, idan yaro baƙar fata ya ga irinsa yana doke Bature a fili, wani abu zai karye a cikin ƙaryar da aka gina mulkin a kanta. Matasan da suka sha koyarwar Steve Biko ba su gamsu ba. A wani zama da ya yi da 'yan jarida baƙaƙen fata, an faɗa masa a idonsa cewa zuwansa ya wanke gwamnati, ya ba ta hoton da za ta nuna wa duniya, kuma idan ya hau jirgi su za a bari da takardar izinin yawo a aljihu. Ya saurara, amma bai janye nan take ba, domin ya sake komawa ƙasar a shekarun da suka biyo baya.

Yammacin da aka kayar da Connors

A lokacin bazarar 1975 Ashe yana gab da cika shekara 32, kuma masana wasan sun fara cewa zamaninsa ya wuce. Connors yana da shekara 22, shi ke riƙe da kofin Wimbledon, kuma ya iso wasan ƙarshe ba tare da ya rasa turmi ko ɗaya ba. Tsakaninsu akwai shari'a. Connors ya kai ATP kotu, ya kuma shigar da Ashe ƙara yana neman diyyar miliyoyin daloli saboda ya soki ƙin buga wa Amurka Davis Cup da yake yi. Ranar 5 ga Yuli, Ashe ya shigo fili sanye da rigar tawagar Amurka.

An san Ashe da bugu mai ƙarfi, Connors kuwa da ƙarfin abokin karawa yake cin wasa, domin duk yadda ƙwallo ta zo masa da gudu, da fiye da haka yake mayar da ita. Daren jajibirin wasan Ashe ya zauna da abokansa suka tsara wata hanya. Ya riƙa aika ƙwallo a sanyaye, ƙasa-ƙasa, zuwa ɓangaren da Connors ke da rauni. Ya riƙa jan shi can gefen fili da bugun farko, idan kuma ya matso raga sai ya ɗaga ƙwallo ta bisa kansa. Lokacin hutu yakan zauna ya rufe ido, ba ya motsi. Wasan ya tashi 6-1, 6-1, 5-7, 6-4. Har yau shi kaɗai ne namiji baƙar fata da ya ci Wimbledon, da US Open, da Australian Open. Ba da daɗewa ba Connors ya janye ƙararrakinsa.

Da wannan kambu ya sauka Legas a Fabrairun 1976. Wata guda kafin nan Murtala ya yi jawabinsa na Addis Ababa, inda ya yi fatali da matsin lambar Shugaba Gerald Ford a kan Angola. Da Laftanar Kanar Buka Suka Dimka da mutanensa suka harbe shi ranar Juma'a 13 ga wata, zargi ya karkata ga ƙasashen yamma, ɗalibai suka fita zanga-zanga a kan ofisoshin jakadancin Birtaniya da Amurka. Sojan da ya ɗora wa Ashe bindiga Ba'amurke ya gani, alhali mutumin da ke gabansa ya shekara bakwai yana faɗa da gwamnatin da Murtala ya tsana. Washegari aka fitar da 'yan wasan daga ƙasar, aka ƙarasa gasar daga baya a Caracas.

Sauya ra'ayi

Ranar 16 ga Yunin 1976 'yan sanda suka buɗe wuta a kan 'yan makaranta a Soweto. A Satumban 1977 Biko ya mutu a hannun jami'an tsaro. Ashe ya kai ga yarda cewa waɗanda suka ƙalubalance shi a Johannesburg sun fi shi gaskiya. Ya daina zuwa wasa, ya koma kiran a ƙaurace wa ƙasar gaba ɗaya. A 1983 shi da mawaƙi Harry Belafonte suka jagoranci wata ƙungiya ta mawaƙa da 'yan wasa da ke hana takwarorinsu karɓar kuɗin Pretoria. Ranar 11 ga Janairun 1985 aka kama shi yana zanga-zanga a ƙofar ofishin jakadancin Afirka ta Kudu a Washington. Yana kan muƙamin kyaftin ɗin tawagar Davis Cup a lokacin, kuma a ƙarshen shekarar ya bar muƙamin. Da Nelson Mandela ya ziyarci New York a 1990 bayan fitowarsa daga kurkuku, sun gana.

Kafin wannan duka, jikinsa ya riga ya raba shi da fili. Ya auri mai ɗaukar hoto Jeanne Moutoussamy a Fabrairun 1977, Andrew Young, jakadan Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya ɗaura auren. A Yulin 1979 ciwon zuciya ya kama shi yana da shekara 36. Aka yi masa tiyata a Disamba, ya yi ritaya a Afrilun 1980. A matsayinsa na kyaftin ya ci wa Amurka Davis Cup a 1981 da 1982, da taimakon John McEnroe, wanda zafin kansa kishiyar duk abin da Dakta Johnson ya koyar ne.

Ya kuma juya ga alƙalami. Ya sha gargaɗin iyaye baƙaƙen fata cewa yaran da wasa ke ciyarwa ƙalilan ne ƙwarai, don haka ɗakin karatu ya fi fili amfani. Da ya nemi cikakken littafi a kan tarihin 'yan wasa baƙaƙen fata na Amurka ya rasa, sai ya ɗauki masu bincike da kuɗinsa, ya shafe shekaru yana aiki. A 1988 littafin ya fito a juzu'i uku da sunan A Hard Road to Glory.

Watanni goma na ƙarshe

A 1983 an sake yi masa tiyatar zuciya, aka yi masa ƙarin jini. A lokacin ba a fara gwajin ƙwayar cutar HIV a jinin da ake bayarwa ba, sai a 1985. A Satumban 1988 hannunsa na dama ya shanye, aka yi masa aiki a ƙwaƙwalwa, gwaji ya nuna yana ɗauke da ƙanjamau. Likitoci suka danganta cutar da wancan ƙarin jini.

Shi da matarsa suka ɓoye zancen fiye da shekara uku, saboda 'yarsu ƙarama da kuma tsangwamar da masu cutar ke sha a wancan zamani. A Afrilun 1992 jaridar USA Today ta samu labarin, ta tuntuɓe shi. Ranar 8 ga wata ya kira taron manema labarai ya bayyana da bakinsa, ya kuma nuna ɓacin ransa da aka tilasta masa zaɓi tsakanin yin ƙarya da tona asirin iyalinsa. Har yau ana kawo wannan lamari a azuzuwan aikin jarida idan ana muhawara a kan iyakar haƙƙin jama'a na sanin rayuwar shahararre.

Tun da magana ta fito, sai ya yi aiki da ita. Ya kafa gidauniyar yaƙi da cutar, da wata cibiyar kula da lafiyar talakawan birane. Ranar 9 ga Satumban 1992, jikinsa duk ya rame, aka sake kama shi a gaban fadar White House yana adawa da yadda Amurka ke mayar da 'yan gudun hijirar Haiti daga teku. Ranar 1 ga Disamba ya yi jawabi a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya yana neman a ƙara kuɗin bincike. A littafinsa na ƙarshe, Days of Grace, ya bayyana cewa nauyin zama baƙar fata a Amurka ya fi masa ciwo a kan cutar da ke kashe shi.

Ya rasu ranar 6 ga Fabrairun 1993 a wani asibiti a New York sakamakon ciwon huhu, yana da shekara 49. Douglas Wilder, baƙar fata na farko da aka zaɓa gwamna a Virginia, ya sa aka ajiye gawarsa a gidan gwamnati, dubban mutane suka yi layi suna ban kwana. Mutum na ƙarshe da aka yi wa wannan karramawa a gidan kafin shi shi ne Janar Stonewall Jackson na rundunar masu riƙe bayi, a 1863.

A 1997 aka sa sunansa ga babban filin gasar US Open, wanda ke ɗaukar mutum fiye da 23,000. Shekara guda kafin nan, bayan doguwar taƙaddama, Richmond ta kafa mutum-mutuminsa a titin Monument Avenue, a jere da na jagororin kudu irin su Robert E. Lee da Jefferson Davis. An sassaƙa shi da yara kewaye da shi, sandar tanis a hannu ɗaya, littattafai a ɗaya hannun, kuma littattafan sun fi sandar tsawo. Bayan zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd a 2020, aka sauke na jagororin ɗaya bayan ɗaya, na Lee ya zama na ƙarshe ranar 8 ga Satumban 2021. Na Ashe ne kaɗai ya rage a titin.